Daga Fadar Sarki Zuwa Gidan Zu: Waiwaye a Kan Kallon Namun Daji

A shekarar 1257, wadda ta yi daidai da 655 bayan Hijira, wani ayari ya taso daga ƙasar Kanem, ya keta Sahara, ya sauka a birnin Tunis da gaisuwar da Mai, wato sarkin Kanem, ya aiko wa Sarki al-Mustansir. Cikin kayan gaisuwar akwai raƙumin dawa. Ibn Khaldun, wanda ya taskace mana labarin, ya bayyana yadda mutanen birnin suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu don su ga wannan halitta mai dogon wuya da zanen jiki. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Sarkin Mali Mari Jata ya aika da wani raƙumin dawan zuwa birnin Fas, nan ma fili ya cika ya batse, har mutane na hawa kan juna wajen leƙe.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar Gidan Zu na Kano kashegarin Sallah ya san irin wannan cunkoso. Fiye da shekara ɗari bakwai ke tsakanin taron Tunis da na Kano, dauloli sun tashi sun faɗi, amma abin da ke fito da mutane daga gidajensu yana nan yadda yake, wato marmarin ganin halittar Allah ido da ido. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne wanda aka yarje wa ya yi kallon, da irin wurin da ake ajiye dabbar, da dalilin ajiye ta. Wannan zaren za mu bi, tunda waiwaye adon tafiya ne.

Lokacin da namun daji ke hannun sarakuna

Ajiye namun daji tsohuwar ɗabi'a ce. A kufan birnin Nekhen da ke kudancin Masar, masu tonon kayan tarihi sun tarar da ƙasusuwan giwaye da dorina da gwaggon biri da aka binne kusa da kaburburan manya, kimanin shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Wasu ƙasusuwan sun nuna karayar da ta warke, alamar cewa dabbobin sun daɗe a ɗaure a hannun mutane. Tun daga nan, duk inda mulki ya ƙasaita sai ka tarar da zaki ko giwa a bayan fada. Hikimar a fili take: wanda ya iya ɗaure sarkin dawa, talaka da baƙo za su san da wa suke magana.

Halifofin Bagadaza sun ƙware a wannan fanni. Haruna Rashid ya aika wa Sarki Sharlaman na Turai giwa mai suna Abul Abbas, wadda ta isa birnin Aachen a shekarar 802, ta rayu har 810. A 917 kuwa, da jakadun Rum suka zo fadar Halifa al-Muƙtadir, sai aka bi da su ta gaban giwaye da aka yi wa ado, sannan ta tsakiyar zakuna ɗari, hamsin a dama hamsin a hagu, kowanne da sarƙa da mai riƙonsa. Kafin su iso gaban Halifa, an riga an isar musu da saƙon da ake so su kai gida. Haka Turawan Sifaniya suka tarar a birnin Tenochtitlan na ƙasar Meziko a 1519, inda Sarki Moctezuma ke da gidajen tsuntsaye da na damisoshi da macizai, da ɗaruruwan barori masu yi musu hidima. Sarakunan Ingila ma sun ajiye namun daji a Hasumiyar Landan na tsawon shekara kusan ɗari shida, ciki har da giwar da Sarkin Faransa ya ba su kyauta a 1255.

A ƙasar Hausa ma sarauta ta jingina da namun daji, ko da yake ta wata fuskar. Tarihin Kano ya danganta figini da takalmin gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe suna cikin kayan sarautar Kano. Ana kiwon jimina da dawisu da barewa a gidajen sarakuna da attajirai, kuma gashin jimina da hauren giwa na cikin hajar da fatake ke kaiwa Tarabulus.

Talaka kuwa yana da nasa hanyoyin. Na farko, dajin ba nisa gare shi ba. Manomi na koran birai daga gonarsa, mai zuwa itace na cin karo da gada, da dare kuma ana jin kukan kura a bayan ganuwa. Mafarauta na dawowa da fatun bauna da gwanki, da labaran da ake kwana ana maimaitawa. Na biyu, akwai gardawa, masu yawo kasuwa-kasuwa da kura a takunkumi, da biri mai rawa, da mesa a wuya, yara na biye da su duu, ana tsoro ana son gani. Na uku, akwai tatsuniya. Kafin yaro ya mallaki hankalinsa ya riga ya san zaki sarkin dawa ne, dila malamin dawa, kura ga kwaɗayi ga tsoro, Gizo kuma na juya su duka. Al'ummar da ke zaune a bakin daji haka ba ta da buƙatar gina wa namun daji gida a cikin gari.

Ƙofa ta buɗe wa kowa

Gidan zu irin wanda muka sani a yau a Turai aka haife shi, kuma daga fada ya fito. A 1752 Sarki Francis na Ɗaya ya gina wa iyalinsa wurin ajiye dabbobi a fadar Schönbrunn da ke Vienna. Bayan shekara ashirin da 'yan kai aka fara barin jama'a su shiga, da sharaɗin su zo cikin sutura ta mutunci. Wannan gida na nan har yau, kuma shi ne mafi tsufa a cikin waɗanda ke aiki a duniya. A Faransa kuwa juyin juya hali ne ya yi aikin. Da aka tuntsurar da sarauta, sai aka kwashe sauran dabbobin fadar Versailles aka kai lambun Jardin des Plantes a Paris a 1794, aka ce daga yau na al'umma ne da masu nazari.

A wannan lambu ne wata 'yar raƙumin dawa daga Sudan ta tayar da ƙura. Muhammad Ali Pasha na Masar ne ya aika da ita ga Sarki Charles na Goma. An biyo da ita ta Kogin Nilu, aka sa ta a jirgin ruwa, aka huda rufin jirgin don wuyanta ya samu wurin miƙewa, aka haɗa ta da shanun tatsa don ta riƙa shan madara. Ta sauka a Marseille a ƙarshen 1826, ta huta har sanyi ya wuce, sannan aka tako da ita a ƙasa, tafiyar kilomita kusan 900, ta shiga Paris a tsakiyar 1827. Kowane gari ta ratsa sai an fito kallo. Mata suka ƙirƙiro gyaran gashi mai tsini don kwaikwayonta, aka zana ta a kwanuka da yadudduka. Wani Basudane mai suna Atir, wanda ya rako ta, shi ya ci gaba da kula da ita, kuma ta rayu har 1845.

A Landan, ƙungiyar masana dabbobi da aka kafa a 1826 ta buɗe lambunta a 1828, amma sai 'yan ƙungiya da baƙinsu ke shiga. Matsin kuɗi ne ya sa a 1847 aka buɗe wa duk mai iya biya. Da aka kawo ɗan dorina daga Kogin Nilu a 1850, yawan masu ziyara ya ninka a shekarar. Daga baya aka samu Jumbo, toron giwar da aka kamo yana ƙarami a Sudan, wanda yaran Landan suka yi shekaru suna hawa bayansa, har sayar da shi ga wani mai wasan nishaɗi na Amurka a 1882 ya jawo kuka da ƙorafi a faɗin ƙasar.

Dalilin wannan farin jini ba ɓoyayye ba ne. Masana'antu sun kwashe mutane daga ƙauyuka sun cusa su a birane masu hayaƙi, inda yaro zai girma bai san wata dabba ba sai doki da ɓera. Jirgin ƙasa ya sauƙaƙa zuwa, ranar hutu ta samu, mulkin mallaka kuma ya buɗe wa Turawa dazukan Afirka da Asiya suna ɗiba yadda suka ga dama.

Sai dai wannan tarihi na da baƙin shafi da bai kamata mu tsallake ba. Don a kama ɗan giwa ko ɗan dorina, galibi sai an harbe uwar, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kama a hanya suke mutuwa. Abin bai tsaya kan dabbobi ba. Carl Hagenbeck, babban dillalin namun daji na birnin Hamburg, ya riƙa kawo mutane daga Sudan da wasu ƙasashe yana nuna su ga 'yan kallo. A 1906 an saka wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga a ɓangaren birai na gidan zu na Bronx a Amurka, sai da limaman coci baƙar fata suka tashi tsaye aka fitar da shi, kuma bayan shekara goma ya kashe kansa don baƙin ciki. Ɗan Afirka da ke karanta tarihin gidan zu wajibi ne ya san an taɓa tsayar da ɗan'uwansa a bayan waya.

Shi wannan Hagenbeck ɗin ne kuma ya sauya fasalin gidan zu. A 1907 ya buɗe nasa a wajen Hamburg, ya cire sandunan ƙarfe, ya haƙa ramuka masu faɗi tsakanin dabba da mai kallo, ya gina duwatsu da tafkuna, ta yadda za a ga zaki a sarari kamar yana dajinsa. Yawancin manyan gidajen zu na duniya wannan tsari suka bi daga baya.

Isowarsa ƙasashenmu

A Afirka, Masar ce ta yi gaba da gidan zu na Giza a 1891, sai Pretoria a 1899. A Nijeriya, abin ya fara ne a 1948 a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, inda sashen nazarin dabbobi ya ajiye wasu don koyar da ɗalibai. A shekarun 1950 aka yi na Jos, dab da gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952. A Yamai, gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, ya haɗa kayan tarihi da masu sana'ar hannu da namun daji a fili guda, shi ya sa ya zama wurin da yaran birnin suka fi sabawa da shi. A gefe guda kuma an keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962.

Ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 1967 ne ya ba abin ƙarfi a Arewa. Kowace sabuwar jiha na son babban birninta ya amsa sunansa, kuɗin man fetur kuma sun fara shigowa. Maiduguri ta samu lambun Sanda Kyarimi a 1970. A Jos, Gwamna Joseph Gomwalk ya kafa gandun namun daji a 1972. A Kano, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya gina gidan zu a farkon shekarun 1970, a zamanin da yake gina madatsar ruwa ta Tiga da masaukin baƙi na Bagauda. Mutum ne mai son noma da kiwo, kuma ya yi tunanin cewa birnin da ke bunƙasa na buƙatar wurin da iyali za su sha iska. Ya zaɓi fili mai faɗi a wajen gari, aka dasa itatuwa, aka kawo dabbobi na gida da na waje. Yau gidan na ɗauke da sunansa, titin da ya bi ta gabansa kuma ya zama ɗaya daga cikin mafiya hada-hada a Kano, da kantuna da ofisoshin 'yan fim.

An yi wannan aiki a kan gaɓa. A daidai shekarun ne dajin da kakanninmu suka sani ya fara ja da baya. Gonaki sun cinye saura, gatari da gawayi sun cinye itatuwa, bindiga ta maye gurbin kwari da baka, farin shekarun 1970 da na 1980 ya ƙarasa abin da ya rage. Yaron da aka haifa a Fagge ko Gwammaja ya tashi yana jin zaki da giwa a bakin kakarsa, amma ba shi da inda zai gan su. Abin da ya faru da yaran Landan shekara ɗari kafin nan ya iso kan namu. Gidan zu ya zama mahaɗa tsakanin tatsuniya da ido, gani kuwa ya kori ji.

Nan da nan ziyarar ta shiga cikin al'adun Sallah. Bayan an sha kallon hawa, sai a ɗunguma gidan zu. Yara sun ci ado da sabon ɗinki, 'yan mata da lalle, kowa na damƙe da barka-da-sallarsa. Motoci na sauke mutanen ƙauyukan kewaye, wasu ma daga maƙwabtan jihohi. Masu rake da gyaɗa da alawa da ƙanƙara sun jeru, mai hoto na kiran ciniki, lilo na juyawa. Daga nesa za a ji gurnani, sai ƙanana su ƙanƙame hannun manya. "Yaya, ɗaga ni in gani!" "Baba, wai wannan ce kurar?" Yaron da ya daɗe yana yi wa kura dariya a tatsuniya, ranar da ya ga ƙaton wuyanta da haƙoranta sai ya yi tsit. Makarantun firamare da na Islamiyya su ma suka mayar da wurin aji na biyu. Daga baya masu biki suka fara zuwa shan iska da ɗaukar hoto, 'yan fim suka riƙa ɗaukar waƙoƙi a inuwar itatuwansa.

Komawar babba

Yaran da suka fara shiga waɗannan gidaje yanzu sun yi furfura, wasu da jikoki. A 'yan shekarun nan kuma an samu sabon dalilin zuwa. Matasan birni da dama, da ma magidanta, idan ranar haihuwarsu ta zagayo, maimakon taron ci da sha sai su ɗebi iyali ko abokai su tafi gidan zu. Zaɓi ne mai ma'ana. Ranar da mutum ke ƙirga shekarunsa, ranar ce ya fi tuna abin da shekarun suka ƙwace masa, kuma cikin abin da suke fara ƙwacewa akwai mamaki. Neman abinci da kuɗin makaranta da hayaniyar waya kan sa mutum ya daina tsayawa ya dubi komai. To amma a gaban giwa ba a sauri. Za ka ga dattijo da babbar riga ya saki baki yana kallon yadda take naɗe ciyawa da hancinta tana kaiwa baki, jikansa na jan hannunsa shi kuwa bai ko ji ba.

Mamakin babba ma ya fi na yaro zurfi idan ilimi ya shigo ciki. Yaro na ganin tsawon wuyan raƙumin dawa, babba kuma zai iya sanin cewa ƙasusuwan wannan wuya bakwai ne cif, daidai da na wuyansa. Giwa na ɗaukar ciki wata ashirin da biyu. Jimina yatsu biyu gare ta a kowace ƙafa, amma tana gudun da ya kai kilomita 70 a awa. Gurnanin zaki na kaiwa nisan kilomita 8 idan dare ya yi shiru. A cikin garken kuraye masu dabbare-dabbare, mata ne suka fi girma kuma su ke shugabanci. Kada kuwa, zafin ramin da aka binne ƙwai ne ke sa ɗan ya fito namiji ko mace. Dorina na fitar da wani jan ruwa a fatarta da ke kare ta daga ƙunar rana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa mutum ya ce Allah mai iko.

Wannan tsayawa a yi duba ba baƙon abu ba ne a tarbiyyarmu. Alƙur'ani ya kira mutane su dubi yadda aka halicci raƙumi, kuma akwai surori da aka sa wa sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Al-Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan tun a ƙarni na tara, al-Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya rubuta Hayatul Hayawan, littafin da malamanmu na zaure suka sani. Hadisi ya kawo labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ke da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa. Shaƙuwar yaro da halitta abu ne da aka girmama tun asali.

Sai dai idon babba na ganin abin da na yaro ba ya gani. Yana lura da zakin da ke kai da kawowa a layi guda daga safe har yamma, da haƙarƙarin da ya fito, da kwamin ruwan da ya yi gansakuka, da kejin da allon suna kawai ya rage a jikinsa. Daga nan murna kan gauraya da tambaya: wannan daɗi da muke ji, wa ke biyan kuɗinsa?

Daga nishaɗi zuwa ceto

Duniya ta yi wa kanta wannan tambaya tun tuni. A 1942 wani masani ɗan Suwizalan, Heini Hediger, ya wallafa littafi a kan rayuwar namun daji a tsare, inda ya nuna cewa dabba na buƙatar abin da ya wuce abinci: wurin ɓuya, da abokan zama irin nata, da tazara tsakaninta da mutum, da abin da zai shagaltar da ita. A 1973 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar CITES, wadda ta taƙaita cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Daga nan gidajen zu na kirki suka rage dogaro da kamowa daga daji, suka koma hayayyafa da musayar dabbobi a tsakaninsu, suna riƙe da littafin asalin kowace dabba don kauce wa barbarar dangi na kusa.

Amfanin wannan sauyi ya iso har yankinmu. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa da ta taɓa cika sahel daga Nijar zuwa Cadi, farauta da fari da yaƙi sun share ta, har a shekarar 2000 aka ayyana cewa babu sauranta a daji. Waɗanda suka tsira su ne na gidajen zu da gandayen kiwo a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Daga cikinsu aka tara garke a Abu Dhabi, kuma a 2016 aka fara sakin su a gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Cadi. Sun hayayyafa har sun kai ɗaruruwa, a ƙarshen 2023 aka cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Ba don wasu sun ciyar da kakanninsu shekara da shekaru a bayan shinge ba, da sai dai a hoto.

Nijar ta nuna ɗaya hanyar, wato kare dabba a inda take. Raƙuman dawan yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal. Da gwamnati da ƙungiyoyi da manoman yankin suka haɗa kai, adadinsu ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka mayar Gadabeji. Zaki kuwa har yanzu yana cikin haɗari: binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa kimanin 400 suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya, kuma na Nijeriya, a Yankari da Kainji, ba su kai 50 ba.

Amanar da ke wuyanmu

Gidajen zu namu ba su samu tafiya da wannan zamani yadda ya kamata ba. Tun daga tsukewar tattalin arziki ta shekarun 1980 kasonsu ya riƙa raguwa, alhali cikin dabba bai san an yi gyaran kasafi ba. Zaki na buƙatar kilo da dama na nama kowace rana, giwa na cin ganye da ciyawa fiye da kilo ɗari. Dabbobin da suka tsufa suka mutu ba a maye gurbinsu ba, gine-ginen shekarun 1970 suka lalace. Garin da ke nesa da Gidan Zu na Kano ya zo ya kewaye shi, filin ya zama abin sha'awar masu gini, har gwamnatin jihar ta taɓa bayyana niyyar mayar da shi yankin Tiga. A farkon 2020 hotunan zakunan da yunwa ta rame a wani lambu na Khartum sun girgiza duniya. A Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, hukumomin lambun Sanda Kyarimi sun ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobinsu sun salwanta.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Sanannen hadisi ne cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Duk wanda ya tsare dabba, cinta da shanta da lafiyarta sun hau kansa. Gidan zu na gwamnati kuwa da sunanmu duka aka kulle ƙofarsa.

Saboda haka gyara na kowa ne. Gwamnatocin jihohi su ware wa waɗannan gidaje kuɗin abinci da magani da ba ya yankewa, su bar musu kaso mai tsoka na abin da suke tarawa a ƙofa, su kuma kare filayensu, domin a birni irin Kano samun itatuwa masu yawa haka a wuri guda sai an tona. Gara a ajiye dabbobi kaɗan cikin wadata da a tara da yawa cikin ƙunci, kuma a fifita na ƙasarmu, irin su barewa da gwanki da gauraka da kunkuru, waɗanda suka saba da yanayinmu kuma suke ɓacewa a gabanmu. Tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri su riƙa tura malamai da ɗalibai. Attajirai da kamfanoni su ɗauki nauyin ciyar da dabba guda na shekara, sadaka ce mai lada. A rubuta bayanin kowace dabba da Hausa, da boko da ajami, a kuma horar da masu zagayawa da yara. A girmama ma'aikatan da ke share keji da yanka nama tun asuba, a biya su a kan kari.

Kai kuma mai karatu, idan Sallah ta zo, ko ranar haihuwarka ko ta ɗanka ta zagayo, ɗauki yaran gidanku har da na maƙwabta ku je. Kada ku yi gaggawa, ku tsaya a gaban kowace dabba har ku ga abin da take yi. Hana yara jifa da tsokana da miƙa wa birai leda, ka gaya musu sunan kowace halitta da harshensu, ka ba su labarin dajin da take zaune a da. Idan ka ga abin da bai dace ba, ka yi magana da hukumar wurin cikin mutunci. Yaron da ya ga zaki da idonsa ya kuma ji tausayinsa, shi ne gobe zai tsaya wa dazukan Yankari da Falgore da Kure. Allah Ya ba mu ikon riƙe wannan amana.